Nasiha Ga Matasa Masu Injin CNC: Kafin Ka Damƙa Wa Kwamfuta Gudun Injinka



Wannan nasiha taku ce, ku da kuka tara ɗan abin da Allah ya hore muku kuka sayi ƙaramin injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta, wanda aka fi sani da CNC, ko kuke shirin haɗa naku da hannunku. Ina taya ku murna, domin abin da kuka sa a gaba ba ƙarami ba ne. A shekarar 1952, lokacin da masana a jami'ar MIT ta Amurka suka nuna injin yankan ƙarfe mai karɓar umarni daga lambobi, rundunar sojin saman ƙasar ce ta ɗauki nauyin binciken, kuma a jikin doguwar takarda mai huji-huji ake ba injin umarni. Yau ga shi ɗalibi a Zariya ko Damagaram yana iya ajiye jikan wannan inji a kan tebur, ya yi zane a kwamfuta, ya sa shi ya sassaƙa ƙofa, ko allon shago, ko wani ƙaramin ƙarfen gyara da aka nema a kasuwa aka rasa.

Magana ɗaya nake so mu tattauna, ita ce gudun sifindil, wato injin lantarkin da ke riƙe da bakin yanka yana juya shi. Yawancin masu farawa sukan bar wa kwamfuta motsin gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa, amma gudun juyin bakin su ne suke murɗa shi da hannu. Idan tafiya ta yi nisa sai sha'awa ta taso: me zai hana shi ma a miƙa mata? Tunani ne mai kyau, ina kuma ƙarfafa muku gwiwa a kansa, amma da sharaɗi guda. Kada ka damƙa wa kwamfuta abin da kai kanka ba ka fahimta ba. Ita ba ta gani, ba ta jin ƙauri, lambar da ka ba ta ita za ta zartar, ko daidai ce ko kuskure.

Abin da gudu yake yi wa aikinka

An ƙera bakin yanka ne don ya riƙa ɗebo tsoka, ba don ya riƙa guga ba. Duk lokacin da haƙori ɗaya ya ratsa katako ko ƙarfe, yana fitar da ɗan ɓantare, kuma wannan ɓantare shi ke tafiya da yawancin zafin da yankan ya haifar. Kaurinsa yana fitowa ne daga lissafi mai sauƙi: saurin tafiyar inji a minti ɗaya, a raba da yawan juyi, a sake rabawa da yawan haƙora. Ɗauki baki mai faɗin milimita 6 da haƙora 2, yana juyi 18,000 a minti. Haƙoransa suna sara sau 36,000 a minti ke nan. Idan injin yana tafiyar milimita 3,600 a minti, kowane sara zai ɗebo kashi ɗaya cikin goma na milimita. A katako wannan yanka ne mai kyau.

To, yanzu ga abin da ke faruwa a ƙananan injuna. Jikinsu ba shi da nauyi, idan aka matsa musu da tafiya sai su hau makyarkyata, saboda haka mai injin yakan rage tafiya zuwa milimita 1,000 a minti, ya kuma ƙure sifindil a 24,000, yana ganin yawan gudu shi ne ƙarfi. Yi lissafin ka gani: kowane haƙori kusan kashi biyu cikin ɗari na milimita kawai yake ɗebowa. Wannan ya zama guga. Je ka tsaya kusa da irin wannan yanka a kan maɗaci. Maimakon ɓantare masu lanƙwasa da za ka iya tsinta da yatsu, za ka ga gari mai laushi yana tashi. Gefen yankan zai yi baƙi, ƙauri ya cika shago, sautin injin ya koma siririn kuka mai huda kunne. Idan ka tsayar, ka cire bakin, za ka tarar ya yi ruwan ƙasa, kaifinsa ya tafi tun bai yi aikin kuɗinsa ba. A kan robar akirilik abin ya fi muni, domin narkewa take yi ta sake mannewa a bayan bakin. A kan alminiyam kuwa, ƙarfen yakan danƙare a tsakanin haƙora har ya toshe su, daga nan sai karyewa. Maganin sau da yawa shi ne a rage juyi zuwa 10,000, a sa baki mai haƙori ɗaya, sai ga ɓantaren ya dawo kashi ɗaya cikin goma, ba tare da an ƙara wa injin saurin tafiya ba.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da tela mai aikin ado a kan keke ya san wannan ka'ida. Ƙafa ce ke ba allura gudu, hannu ne ke tafiyar da yadi. Idan ƙafa ta yi sauri hannu ya yi nawa, ɗinki ya taru wuri ɗaya, zare ya tsinke. Idan hannu ya wuce ƙafa, ɗinki ya yi tsalle, allura ta karye. Juyi da tafiya haka suke, dole su jitu.

Faɗin baki ma yana da tasa magana. A juyi 24,000, gefen baki mai milimita 6 yana gudun kusan kilomita 27 a awa. Amma faffaɗan baki mai milimita 50, irin wanda ake share fuskar katako da shi, gefensa zai haura kilomita 220 a awa. Shi ya sa masu ƙera manyan bakuna suke rubuta iyakar juyin da aka yarda a kai su. Kada ka tsallake wannan iyaka ko da wasa.

Daga nan za ka ga amfanin miƙa gudu ga kwamfuta. Aiki ɗaya yana iya buƙatar bakuna uku, kowanne da gudunsa. Ɗan Adam ajizi ne, ga hira, ga waya, ga mai kaya yana tsaye a kanka, mantuwa ba ta da wuya. Amma idan gudun yana rubuce a cikin fayil ɗin aiki, harafin S ya faɗi yawan juyi, M3 ya ce a tashi ta hannun dama, M5 ya ce a tsaya, to ƙofar da ka sassaƙa yau da wadda za ka sassaƙa bayan wata shida za su fito iri ɗaya. Wannan daidaito shi ke mayar da abin sha'awa ya zama sana'a.

Ka san abin da ke cikin akwatin

Sifindil ɗin da aka fi samu a hannun masu farawa su ne na ƙasar Sin masu ƙarfin wat 800, ko kilowat 1.5, ko 2.2, wasu ruwa ke sanyaya su, wasu iska. Injuna ne masu cin wuta layi uku, 'yan gida ɗaya da injinan niƙa da na ban ruwa, irin ƙirar da Nikola Tesla ya samu rajistarta a 1888. Irin wannan inji ba ƙarfin wuta ne ke yanke masa gudu ba, yawan kai-komon wutar ne. Wutar da ke zuwa gidajenmu a Najeriya da Nijar tana kai-komo sau 50 a sakan ɗaya, shi ne ake rubuta 50 Hz. Inji mai kawunan maganaɗisu biyu yana yin juyi kusan 3,000 a minti da wannan wuta. Kafin ya kai 24,000 sai wutar ta yi kai-komo sau 400 a sakan. Ka riƙe wannan a ka: a irin wannan sifindil, kowane Hz ɗaya juyi 60 ne. 200 Hz ya ba ka 12,000, 300 Hz ya ba ka 18,000.

Akwatin da ke samar da wannan wuta shi ne VFD, wanda masu shago suka fi kira inbata, ko da yake ba irin ta sola ba ce. Aikinta hawa uku ne. Da farko tana karɓar wutar gida ta miƙar da ita ta daina kai-komo. Sannan ta tara ta a cikin manyan kafasito, inda bolt 230 yake komawa sama da 320. Daga ƙarshe wasu makunnai na lantarki suna datsa ta sau dubbai a sakan, su sake gina wuta mai layi uku da irin kai-komon da aka nema. Yayin da take rage kai-komo, tana rage bolt daidai gwargwado, don kada koyil ɗin injin ya sha abin da ya fi ƙarfinsa.

Akwai gaskiya guda da mai sayarwa ba lallai ya gaya maka ba. Kilowat 2.2 da aka rubuta a jiki, a ƙurewar gudu ne ake samunsa. Ƙarfin murɗawar sifindil kusan ɗaya yake daga sama har ƙasa, kuma bai kai yadda mutane suke zato ba. Idan ka sauko zuwa juyi 6,000, abin da ya rage maka bai wuce rubu'i ba, wajen wat 550. Idan mai sanyaya da iska ne, fankarsa tana jikin sandar da ke juyawa, saboda haka duk sa'ad da ka rage gudu ka rage masa iska. Wannan shi ne dalilin da ya sa irin waɗannan sifindil suka dace da katako da roba da alminiyam, ba su dace da baƙin ƙarfe mai son juyi kaɗan da ƙarfi mai yawa ba. Kwamfuta za ta karɓi S1500 ba musu, amma injin ba zai iya aikin ba.

Saiti kafin waya

Babban kuskuren da ke ƙone sabon sifindil a ranar farko shi ne kunna shi da saitin da inbata ta zo da shi daga masana'anta. Yawancinsu an saita su ne don inji mai 50 Hz, wato su ba da cikakken bolt tun a 50 Hz. Shi kuwa sifindil ɗinka a 400 Hz yake jiran cikakken bolt ɗinsa. Ka ga an ɗura masa ninki takwas na abin da ya dace da wannan gudu. Ba ya ɗaukar lokaci koyil yake ƙonewa, kuɗin da ka daɗe kana tarawa su tafi kafin ka yanka ko da layi ɗaya.

Saboda haka, ƙanena, kafin ka ɗaura waya ko ɗaya zuwa sifindil, zauna da littafin inbata da rubutun da ke jikin injin. Kwafi bolt, da amfiya, da Hz, da yawan kawunan maganaɗisu a takarda. Shigar da su ɗaya bayan ɗaya, sannan ka koma ka karanta kowanne don ka tabbatar ya zauna. A inbata ƙirar Huanyang ta jerin HY, wadda ta yaɗu a hannun masu ƙananan injuna, PD005 ne ke riƙe iyakar kai-komo, PD004 ke riƙe inda ake ba da cikakken bolt, PD142 kuma amfiyar injin. Wani kamfani lambobinsa daban ne, kai har kamfani ɗaya yakan sauya su daga samfuri zuwa samfuri. Kada ka kwafi jerin lambobin wani ka zuba a taka ba tare da ka san aikin kowace ba. Saita mafi ƙarancin gudu yadda ko an ba da umarnin ƙasa da haka ba za ta bi ba. Ba ta 'yan sakanni na tashi da na tsayawa. Idan ka ce ta tsaya nan take, ƙarfin juyin yakan koma cikin kafasito, bolt ya haura, ta yanke da kanta ta nuna alamar matsala.

Bayan haka, yi aiki da maɓallan jikinta na ɗan lokaci. Ka san sautin 12,000, ka san na 18,000, ka taɓa jikin sifindil bayan ya tsaya ka ji ɗuminsa. Sai abin ya zauna a hannunka sannan ka kira kwamfuta.

Hanyoyi biyu na haɗa su

Hanya ta farko ita ce ta bolt 0 zuwa 10. Inbata tana da ƙofar da take auna ɗan ƙaramin bolt, sifili ya zama tsayuwa, 10 ya zama ƙurewa, 5 ya zama rabi. Umarnin tashi kuwa ta wata waya daban yake zuwa, yawanci ta hannun rile, wato makunnin da lantarki ke sarrafawa. Ƙananan injuna da yawa suna amfani da manhajar GRBL, wadda wani ɗan ƙasar Norwe, Simen Svale Skogsrud, ya fara a 2009, take kuma aiki a kan allon Arduino Uno. Ita ba ta fitar da bolt mai hawa da sauka. Bolt 5 take kunnawa tana kashewa da sauri, tsawon kunnawar shi ke nuna gudu, abin da ake kira PWM. Don haka ana buƙatar ɗan ƙaramin allo a tsakani da zai mayar da wannan zuwa 0 zuwa 10, kuma gara wanda ya raba wutar ɓangarorin biyu, don kada matsalar inbata ta bi waya ta ƙone maka allo da kwamfuta.

Tarkuna biyu ne a nan. Idan ka haɗa bolt 5 kai tsaye da ƙofar da ke jiran 10, injinka ba zai taɓa wuce rabin gudunsa ba. Na biyu kuma, GRBL tana da saitin $30 da ke faɗin iyakar gudu, kuma sau da yawa 1000 ake tararwa a ciki. Idan ka bar shi haka, duk lambar da ta kai dubu ɗaya ƙurewa ce a wurinta. Ka rubuta S8000 don faffaɗan baki, ita kuwa ta sake shi a 24,000. Gyaransa layi ɗaya ne, amma rashin saninsa yana iya jefo ƙarfe a fuskar mutum.

Hanya ta biyu ita ce ta RS-485, wayoyi biyu murɗaɗɗu da ke ɗaukar saƙo da lambobi, yawanci da tsarin Modbus wanda kamfanin Modicon ya fitar a 1979. A nan kwamfuta tana cewa 300 Hz, inbata ta ji 300 Hz, ba ragi ba ƙari. Ita ma tana iya mayar da amsa, ta faɗi gudun da take kai da amfiyar da injin ke ja. Manhajar LinuxCNC, wadda ta samo asali daga aikin hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, kuma kyauta ce ga kowa, tana iya jiran wannan amsa kafin ta bar baki ya taɓa katako. Wahalar wannan hanya ita ce sai adireshi da saurin saƙo sun zo ɗaya a ɓangarorin biyu, kuma tsofaffin Huanyang suna da nasu salon da ya kauce wa Modbus na asali, sai an zaɓar musu manhajar da ta san su. A kowace hanya ka bi, sai ka sanar da inbata daga ina za ta riƙa karɓar umarni. A jerin HY, PD001 ne na tashi da tsayawa, PD002 na gudu.

Shawarata ga mai farawa: idan allonka yana da hanyar 0 zuwa 10, fara da ita, domin da mitar gwaji kaɗai za ka iya bin diddiginta. Idan ka ƙware, ka koma ta lambobi.

Gani ya kori ji

Bayan ka haɗa, kada ka yarda da abin da allon kwamfuta ya nuna sai ka auna. Cire baki da matsewarsa gaba ɗaya. Ba da S6000, S12000, S18000, S24000, kowanne ka duba Hz a fuskar inbata ka rubuta. Ya kamata ka ga 100, 200, 300, 400. A hanyar 0 zuwa 10, kuskuren rabin bolt juyi 1,200 ne, saboda haka ka gyara ɗan sukurun saiti da ke kan ƙaramin allon tsakani har lambobin su zo kusa. Idan kana da halin sayen na'urar auna juyi mai haske, saya, ba ta da tsada idan aka kwatanta da baki ɗaya mai kyau. Duba kuma ɓangaren da yake juyawa. Idan ka leƙa daga sama, M3 hannun agogo yake bi. In ya juya baibai, kashe wuta, jira, ka musanya biyu daga cikin wayoyi ukun da ke zuwa sifindil.

Kada ka manta cewa sifindil yana buƙatar lokaci kafin ya kai gudunsa. Idan manhajarka ba ta jiran amsa, sa umarnin G4 bayan M3 don ta dakata na 'yan sakanni. Da safe kuma ka bar shi ya yi 'yan mintuna a ƙaramin gudu, giris ɗin boris ya warware, kafin ka ɗora masa aiki.

Wata matsala da ke sa matasa fid da rai ita ce hayaniyar lantarki. Datsawar da inbata ke yi tana watsa tartsatsin da ido ba ya gani zuwa wayoyin da ke kusa. Alamunsa sanannu ne: da zarar sifindil ya tashi sai USB ya yanke, ko injin ya tsaya yana cewa ya kai iyaka alhali yana tsakiyar tebur. Sai mutum ya zargi kwamfuta, ko manhaja, ko mai sayarwa, alhali laifin na shimfiɗar waya ne. Yi amfani da waya mai rigar ragar ƙarfe daga inbata zuwa sifindil, ka haɗa ragar da ƙasa. Raba hanyar manyan wayoyi da ta ƙanana, in dole su haɗu su gitta juna, kada su jera. Tara duk wayoyin ƙasa a wuri guda. Kuma kada ka sa makunni tsakanin inbata da sifindil, domin yanke wannan layi ana cikin gudu yana iya kashe ta.

Yanayin da muke ciki

Waɗannan na'urori yawanci an tsara su ne don wurin da zafinsa bai wuce digiri 40 ba. Mu kuwa a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, watan Afrilu yakan haura haka a inuwa, balle a shago mai rufin kwano. Ba inbata sarari, kada ka kulle ta a akwatin da iska ba ta shiga, kada kuma ka bar ta a inda dusar katako da ƙurar hunturu za su cika ta. Garin alminiyam ya fi haɗari, domin yana ɗaukar wuta. Idan sifindil ɗinka na ruwa ne, haɗa famfonsa yadda ba zai yiwu injin ya tashi ba tare da ruwa yana gudana ba. Rufe bokitin, ka riƙa sauya ruwan, ka riƙa taɓa shi a tsakiyar dogon aiki.

Sai batun wuta. Idan ta yi ƙasa, inbata takan yanke. Haɗarin shi ne sifindil ya tsaya, kwamfuta mai batir ba ta sani ba, ta ci gaba da tura bakin da ba ya juyawa cikin katako. Kusan kowace inbata tana da rile na sanar da matsala. Haɗa shi da allonka yadda in ta yanke, tafiya ma za ta tsaya. Idan da janareto kake aiki, nemi wanda ƙarfinsa ya zarce buƙatarka sosai, ka kuma bar shi ya daidaita kafin ka kunna kayanka.

Ranka ya fi injin

Wannan ɓangare shi ne ya fi damuna, ina roƙon ku karanta shi da natsuwa. Ranar da ka ba kwamfuta ikon tayar da sifindil, ka ƙirƙiri injin da zai iya tashi ba tare da hannunka ya taɓa shi ba. Yaro ya danna maɓalli, ko fayil ya fara da kuskure, alhali yatsunka da sifana suna kan matsewar baki. Saboda haka ka tanadi makunni na zahiri da ke hana tashi, ka kashe shi duk lokacin da za ka sauya baki. Maɓallin tsayawar gaggawa kuma ya zama mai aiki ta waya, wanda ba ya neman izinin manhaja. Idan ta RS-485 kake, gwada zare wayar saƙo ana cikin juyi, ba tare da baki ba, ka ga abin da zai faru. In sifindil ya ci gaba da gudu, aikinka bai kammala ba.

Kafasito suna riƙe da wuta mai kisa bayan an zare filogi. Jira aƙalla minti goma, ka auna da mita, sannan ka sa hannu. Auna kuma tsakanin jikin sifindil da wayar ƙasa, domin an sha samun masu arha da ƙafar ƙasan soket ɗinsu ba a haɗe take da komai ba a ciki. Ga ruwa, ga ƙarfe, ga wuta, rashin wayar ƙasa a nan wasa da rai ne. Idan wayarin ɗin shagonka ba shi da ƙasa ta gaskiya, kira ƙwararren mai aikin lantarki ya kafa maka. Wannan ba wurin tsimi ba ne.

Kula da suturarka. Babbar riga da hannun kaftani mai faɗi ba na gaban inji ba ne. Ƙannena mata, ku ɗaure hijabi ku tura bakinsa cikin rigar aiki. Kada a sa safar hannu kusa da abin da ke juyawa. Gilashin kare ido, da abin toshe kunne, da takunkumi saboda ƙurar katako, musamman ta MDF, su zama ɗabi'a. Kuma kada ka bar inji yana yanka ka tafi, ko da sallah ce. Dakatar da shi, ka je ka dawo, domin bakin da ya maƙale a cikin dusa yana iya tayar da gobara cikin ƙanƙanin lokaci.

Kalma ta ƙarshe

Ku bi abin daki-daki. A fara da karanta littafi, sai saiti, sai aiki da hannu, sai haɗawa da kwamfuta, sai aunawa, sannan yanka, shi ma a kan guntun katakon da ba a jin asararsa. Ku ajiye littafin shago. Duk aikin da ya yi kyau ku rubuta irin katakon, da bakin, da juyi, da tafiya, da zurfin yanka. Wanda ya ɓaci ma ku rubuta shi. Bayan shekara ɗaya wannan littafi zai fi muku duk wani jadawali da kuka samo daga waje, domin a kan injinku da katakon kasuwarku aka gina shi.

Kada ku raina iyayenmu masu sana'a. Tsohon kafinta ya san halin maɗaci da inda yake tsagewa. Mai naɗin koyil yana gane injin da ke shan wahala daga sautinsa. Masu walda da juya ƙarfe a Panteka ta Kaduna da makamantanta sun daɗe suna daidaita gudu da yanka kafin kwamfuta ta shigo shago. Ku je ku gaishe su, ku yi tambaya cikin ladabi, matambayi ba ya ɓata. Abin da kuka gano kuma ku koyar da na bayanku, ku rubuta shi da Hausa, kamar yadda waɗanda suka rubuta GRBL da LinuxCNC suka sakar wa duniya nasu kyauta.

Ku miƙa wa kwamfuta gudun injinku, amma sanin dalilin kowace lamba ya zauna a kanku. Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya tsare hannuwanku da idanunku, ya sa ku amfani kanku da al'ummarku.